Tambaya da Amsa: Ta yaya manyan biranen taurari suka ginu da wuri haka?

Tambaya daga wani malamin kimiyya a wata makarantar lise da ke Sabon Gari, Damagaram:

"Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji a rediyo cewa sabon madubin hangen nesa da ake kira James Webb ya hango waɗansu manya-manyan tarin taurari da suka wanzu tun sararin samaniya bai daɗe da farawa ba, har mai ba da labarin yana cewa wannan ya rushe abin da masana suka daɗe suna koyarwa. Ɗalibaina sun tsare ni da tambaya, ni kuwa ban so in ba su amsar da ba ni da tabbacinta. Ta yaya waɗannan taurari suka taru suka yi girma da wuri haka? Kuma da gaske ne abin da ke cikin littattafanmu ya tashi aiki?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan wannan tsantseni, domin malamin da ya ƙi faɗa wa yara abin da bai tabbatar ba ya riga ya koya musu rabin kimiyya. Amsar a taƙaice ita ce littattafanku ba su tashi aiki ba, amma akwai babi guda a cikinsu, babin saurin ginin farko, da ake sake rubutawa a yanzu haka.

Bari mu fara daidaita suna. Abin da masana ke kira galaksi, a wannan fili zan riƙa ce masa birnin taurari, domin tari ne na taurari da iskar gas da ƙura waɗanda ƙarfin ja ya ɗaure wuri guda, wato ƙarfin nan da ke maido da dutse ƙasa idan an jefa shi sama. Ranarmu tana cikin irin wannan birni mai taurari aƙalla miliyar 100 (miliyar ɗaya miliyan dubu ce, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa biliyan). Duk wanda ya taɓa kwana a daji a kan hanyar Tanut a daren da babu farin wata ya ga wani farin zane kamar hayaƙi ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. To, wannan jikin birninmu ne muke hangowa daga ciki. Kaza da ƴaƴanta da sauran taurarin da ido ke iya ƙirgawa duk ƴan gida ne.

Ta yaya kuma ake ganin abin da ya wuce? Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma duk da wannan gudu sai ya yi minti 8 da ɗoriya kafin ya iso mu daga rana. A zamanin da ayarin gishiri ke tasowa daga Bilma, labarin da madugu ya sauke a Zango labari ne na ranar da ya baro can, kuma gwargwadon nisan garin da ya fito, gwargwadon tsufan labarin. Haske ma haka yake. Masana sun auna shekarun sararin samaniya sun samu kusan miliyar 13.8, saboda haka hasken da ya shafe fiye da shekara miliyar 13 a hanya yana kawo mana kamannin wurin da ya baro a lokacin ƙuruciyar sarari. Idan kana son yara su ji abin a jikinsu, ka ce su ɗauki sararin samaniya a matsayin dattijo mai shekara 70. A wannan ma'auni, shekara miliyan 300 na farko daidai suke da shekara ɗaya da rabi, lokacin da ko yaye ba a yi masa ba.

A farkon lamari babu tauraro ko ɗaya. Akwai dai gas mai tsananin zafi da cunkoso, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa haidirojin, saura kusan duka hiliyom, kuma sarari yana ta buɗewa yana hucewa. Bayan kimanin shekara 380,000 ya huce har haske ya samu hanyar wucewa, kuma wannan tsohon haske yana nan har yau yana zuwa mana ta kowace kusurwa. Arno Penzias da Robert Wilson ne suka ba da labarin gano shi a Amurka a 1965. A 1992 wani tauraron ɗan adam mai suna COBE ya nuna cewa hasken bai zama bai ɗaya ba sarai: wani wuri ya ɗara wani da kusan kashi 1 cikin 100,000. Wannan ɗan bambanci, wanda kamar ba a bakin komai yake ba, shi ne irin da duk biranen taurari suka tsiro daga gare shi. Ka dubi fili a farkon damina. Ido yana ganinsa a shimfiɗe, amma da an yi ruwan farko sai ka ga inda ya ɗan fi kwari ya tara ruwa, gobe ruwan ya ƙara zaizaye shi, kafin kaka ya zama tabki. Wurin da ya ɗan fi cunkoso a sarari ya ɗan fi ƙarfin ja, sai ya janyo na kusa da shi, nauyinsa ya ƙaru, jan nasa ma ya ƙaru.

Sai dai da aka yi lissafi an ga cewa da gas kaɗai ne a sarari, da wannan ɗan bambanci bai isa ya haifar da biranen da muke gani ba, domin kafin shekara 380,000 ɗin nan haske yana ta tunkuɗar gas yana hana shi taruwa. Nan ne wani abu ya shigo wanda zan kira ɓoyayyen nauyi. Abu ne da ba ya ba da haske, ba ya tare haske, ba a san shi ba sai ta hanyar jan da yake yi, kuma ya ninka abin da muke iya gani kusan sau biyar. Fritz Zwicky ya fara shinshino shi a 1933, Vera Rubin kuma ta ƙarfafa hujjarsa a shekarun 1970 da ta ga taurarin gefen birane suna juyawa da gudun da nauyin da ake gani ba zai iya riƙe su ba. Tun da haske ba ya tunkuɗarsa, ɓoyayyen nauyi ya riga gas fara dunƙulewa. Ya haƙa ramukan tun da wuri, gas kuma da ya samu sakewa sai ya kwarara cikinsu, ya huce, ya matsu, har taurarin farko suka kama wuta tsakanin shekara miliyan 100 zuwa 200 bayan farawa.

Daga nan masana suka rabu gida biyu na wani lokaci. A 1962 Olin Eggen da Donald Lynden-Bell da Allan Sandage sun kawo ra'ayin cewa babban birni irin namu ya samu ne daga ƙaton gajimaren gas guda da ya rufta a kansa cikin gaggawa. A 1978 Simon White da Martin Rees suka shimfiɗa ɗaya hanyar, cewa ƙanana ne ke fara samuwa, su yi ta haɗewa har su zama manya. Ɗan Damagaram ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Birni, inda fadar Sarki take a cikin ganuwa, da Zango, masaukin fatake da ayari, a da wurare biyu ne da fili a tsakaninsu, yau kuwa gine-gine sun haɗe su sun zama gari guda tare da unguwannin da suka biyo baya. Wannan ra'ayi na biyu shi ya yi rinjaye, kuma saboda shi ne aka zaci cewa duk wanda ya leƙa can farko ƙauyuka zai tarar, manyan birane sai an jima.

Amma ko kafin Webb an san cewa zamanin farko zamanin wadata ne. Lokacin da sarari ke da shekara miliyan 550 ko kusa da haka, tazarar da ke tsakanin abubuwa kashi ɗaya cikin goma ce ta yadda take yau, ma'ana cunkoson gas ya ninka na yanzu sau dubu. Lissafin kwamfuta ya kuma nuna cewa ɓoyayyen nauyi ya shimfiɗu kamar saƙar gizo-gizo, kuma manyan ramukan suna a mahaɗar zaruruwan, inda gas mai sanyi ke bin kowane zare yana malalowa kai tsaye har tsakiya, kamar tabkin da koramu uku ko huɗu ke zuba wa ruwa a lokaci guda. Ga kuma karo tsakanin birane, wanda ya fi yawa a lokacin saboda kusanci, kuma kowane karo yana matse gas ya haifi taurari rututu. Na'urar hangen nesa ta ALMA, mai faifai 66 a kan tudun hamadar Atakama ta ƙasar Cile, ta nuna a 2018 wani wuri da birane 14 ke shirin haɗewa tun sarari na da shekara miliyar 1.4. Birninmu na taurari a yau abin da yake haifa a shekara bai wuce nauyin ranarmu sau ɗaya ko biyu ba, alhali a cikin waɗancan akwai masu haifar ɗaruruwa, wasu ma fiye da dubu.

To me Webb ya ƙara? An harba shi ran 25 ga Disamba 2021 daga Kuru, a Giyanar Faransa, yana zaune a nisan kusan kilomita miliyan 1.5 daga ƙasa, kuma faɗin madubinsa mita 6.5 ne, alhali na Hubble, madubin hangen nesan da ya gabace shi, wanda aka harba a 1990, mita 2.4 ne. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne irin hasken da yake gani. Idan baduku ya yi zane a kan ɗanyar fata sannan ya ja ta, zanen ma sai ya miƙe. Haka buɗewar sarari ke miƙe hasken da ke tafe a cikinsa, har hasken da ya taso yana shuɗi ya iso mu ya zarce launin ja, ya shiga inda idon mutum ba ya gani. An ƙera Webb musamman don wannan haske, kuma yawan miƙewar shi ke gaya mana tsawon lokacin da hasken ya yi a hanya. Hotunansa na farko sun fito a Yulin 2022. A Fabrairun 2023 wata tawaga ƙarƙashin Ivo Labbé ta wallafa a mujallar Nature cewa ta ga wurare shida masu haske mai launin ja, daga shekara miliyan 500 zuwa 700 bayan farawa, waɗanda nauyin taurarinsu ya yi kamar ya fi ƙarfin abin da lissafi ya yarda da shi. Ina kyautata zaton wannan rahoto, ko wanda ya biyo sawunsa, shi ne ya iso rediyon da ka saurara.

A nan nake roƙon ka dakata da ɗalibanka sosai, domin nan ne gundarin maganar. Ba wanda ya taɓa ɗora birnin taurari a kan sikeli. Haske ake aunawa, daga hasken a ƙiyasta nauyi. Matafiyin da ya hango fitilu da dare daga nesa zai iya cewa wancan gari babba ne, kuma galibi ya yi daidai, amma idan ƙauye ne da aka kunna manyan fitilun biki a dandalinsa, to ƙiyasin ya ɓaci. Masu binciken da kansu sun ce a jira ƙarin awo, ko da yake kanun labarai ba su jira ba. Da aka tsattsage hasken irin waɗannan jajayen ɗigo-ɗigo launi-launi, sai aka tarar da yawa daga cikinsu suna ɗauke da baƙin rami a tsakiya, wato wurin da nauyi ya cunkushe har haske ma ba ya kuɓuta daga cikinsa. Ramin kansa duhu ne, amma gas ɗin da ke kewaye shi kafin ya faɗa yana yin zafin da haskensa zai iya danne na taurarin birnin gaba ɗaya. Da aka cire wannan fitilar biki daga lissafi, nauyin da yawa ya sauko zuwa inda hankali ke ɗauka.

Duk da haka zan zama na rage maka gaskiya idan na ce magana ta mutu a nan. Birane masu haske a farkon zamani sun fi yawan da aka yi hasashe, wannan kam ya tabbata. A Mayun 2024 an tabbatar da wani da ake kira JADES-GS-z14-0, wanda muke gani yadda yake tun sarari bai wuce shekara miliyan 300 ba, jaririn nan da ba a yaye ba, kuma a 2025 ALMA ta gano iskar oksijin a cikinsa. Wannan ya fi burge ni a kan duk sauran, domin babu oksijin a farkon sarari. A cikin taurari ake dafa ta, kuma ba ta fitowa sai tauraro ya mutu ya watsar da ita. Ke nan kafin lokacin an riga an haifi taurari, sun rayu, sun mutu. Sannan a Nuwamban 2024 wata tawaga ƙarƙashin Mengyuan Xiao ta Jami'ar Janeba ta ba da rahoton birane uku a cikin shekara miliyar ɗaya ta farko, waɗanda nauyin taurarinsu ya kusa na birninmu na yau, kuma alamu sun nuna sun mayar da kusan rabin gas ɗinsu taurari, alhali abin da aka saba gani bai wuce kashi 20 cikin 100 ba.

Bayanan da ake gwadawa yanzu uku ne, kuma babu wanda ya kore ɗan'uwansa. Na farko, a ka'ida manyan taurari da kansu ke taka wa haihuwa birki, domin zafinsu da fashewarsu suna korar gas ɗin da ya rage. Amma idan gas ya yi cunkoso ƙwarai, yana iya zama taurari kafin birkin ya kama. Na biyu, mai yiwuwa kuma haihuwar a lokacin bugu-bugu take zuwa, mu kuwa masu tsakiyar bugun muka fi hangowa saboda haskensu. Na uku, ƙila taurarin farko sun fi na yau yawan ƙatta, kuma tauraron da ya ninka rana nauyi sau goma yana ninka ta haske sau dubbai, don haka haske mai yawa zai iya fitowa daga nauyi kaɗan. A ganina bayanin farko ya fi dacewa da abin da muka riga muka sani game da cunkoson wancan zamani. Buɗewar sarari, wadda Georges Lemaître ya lissafo a 1927 kuma Edwin Hubble ya kawo hujjarta a 1929, da tsohon hasken nan, da shekaru miliyar 13.8, babu wanda Webb ya taɓa a cikinsu. Ka ci gaba da koyar da su da ƙwarin gwiwa, ka kuma gaya wa yaran cewa saurin ginin farko tambaya ce da ake kan aiki a kanta a zamaninsu.

Tambaya daga wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou:

"Malam, barka da aiki. Idan waɗannan birane sun fara da irin wannan gudu, me ya hana su ci gaba da girma ba iyaka? Ina suke a yau?"

Barka kadai, ƴata. Tambayarki ta taɓo abin da ya fi ba masana wahala fiye da girman kansa, wato tsayawa. Manyan biranen nan su suka riga kowa daina haihuwa. A 2023 Adam Carnall da abokan aikinsa sun yi amfani da Webb sun auna wani mai suna GS-9209, wanda muke gani a lokacin da sarari ke da kimanin shekara miliyar 1.25, suka tarar ya tara taurari masu nauyin rana kusan miliyar 40 a cikin ɗan ƙaramin fili, kuma ya riga ya tsaya cik tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru kafin nan.

Wanda aka fi zargi shi ne baƙin ramin tsakiya. Gas ɗin da ke ciyar da taurari shi ke ciyar da ramin, kuma idan ramin ya ƙoshi yana fesar da zafi da guguwar da ke korar gas ko ta dumama shi har ya kasa dunƙulewa. Ramukan wancan zamani kuwa ba ƙanana ba ne. A 2021 an ba da labarin wani da ya kai nauyin rana miliyar 1.6 tun sarari na da shekara miliyan 670, alhali na tsakiyar birninmu nauyin rana miliyan 4 ne kacal. Bayan haihuwa ta tsaya, birnin yana ci gaba da faɗi ta hanyar haɗiye ƙananan maƙwabta, taurarinsu su zama unguwanninsa na waje. Zuriyarsu a yau su ne ƙattan birane masu siffar ƙwai, cike da tsofaffin jajayen taurari, waɗanda ake samu a tsakiyar manyan rukunonin birane. M87 yana cikinsu, wanda aka nuna wa duniya hoton inuwar baƙin raminsa a Afrilun 2019, rami mai nauyin rana kusan miliyar 6.5. Sarari gaba ɗaya ma ya wuce ganiyarsa, domin haihuwar taurari ta kai ƙololuwa kimanin shekara miliyar 10 da suka wuce, lokacin da ta ninka ta yau kusan sau goma.

Tambaya daga wani dattijo mai sayar da goro a Kasuwar Dole, wanda jikansa ya rubuto masa:

"Shin namu birnin taurarin yana cikin waɗancan na farko, ko daga baya ya zo?"

Ranka ya daɗe, Baba, tushensa tsoho ne, amma a hankali ya girma. Akwai taurari a cikinsa da suka haura shekara miliyar 12, kuma awon da tauraron ɗan adam Gaia ya yi ya nuna a 2018 cewa kimanin shekara miliyar 10 da suka wuce ya haɗiye wani ƙaramin birni, wanda har yau ana gane taurarinsa ta yadda tafiyarsu ta bambanta da ta ƴan gida. Bai ƙone abincinsa a ƙuruciya ba, shi ya sa ya samu gas ɗin haifar ranarmu shekara miliyar 4.6 da suka wuce, kuma har yanzu yana haihuwa kaɗan-kaɗan. Idan Baba yana son ganin wani birni dabam da idonsa, jikan ya raka shi bayan gari a watan Oktoba ko Nuwamba, bayan an gama girbi kuma kafin hazon hunturu ya rufe sama, a daren da babu farin wata. Bayan sallar isha'i su dubi sama sosai ta wajen arewa maso gabas, za su ga wani ɗan dusu-dusun haske mai tsawo kamar ƙwayar shinkafa. Andiromeda ke nan, babban maƙwabcinmu, kuma hasken da zai shiga idon Baba a wannan dare ya baro can shekara miliyan 2.5 da suka wuce.